Kai amarya Ikko, da matan da na tarar a can

Mu goma sha ɗaya muka kai amarya Ikko, kuma a cikinmu ni kaɗai ce ban taɓa ganin teku ba. Motar dare muka shiga daga Sabon Gari bayan la'asar, an cika bayanta da kayan gara: dubulan, alkaki, nakiya, man shanu a jarka, da buhun shinkafar da Yaya ya dage sai an tafi da shi, sai ka ce a can ba su san shinkafa ba. Direba ya ce shi ba ya bi ta Birnin Gwari, kowa kuma ya san dalili, don haka muka zagaya ta Abuja da Lokoja. Ba zan cika ku da labarin hanya ba. Ƙafafuna sun kumbura, amarya ta yi kuka har Zariya sannan barci ya sace ta, muka sauka Agege washegari rana ta take tsaka.

Amaryar 'yar yayana ce. Yaya goro yake sayarwa a Mariri, uban ango kuwa shi yake ɗaure masa huhu a Agege yana turowa, shekara ashirin ba a taɓa jin kansu ba. Da aka tashi ƙulla zumunci, sai aka ƙulla da ita. Ba auren dole ba ne. An tambaye ta, ta sunkuyar da kai, sun kuma yi wata shida suna waya da yaron. Amma duk wanda ya zauna a wurin ɗaurin auren ya san ba aure kaɗai aka ɗaura ba.

Gidan Goggo muka sauka, ƙanwar babanmu, wadda rabona da ita tun ina sakandare. Ita ma haka aka kawo ta. "A jirgin ƙasa aka kawo ni," in ji ta, tana ɓare mana goro, "shekarar da aka gama yaƙin basasa, ina 'yar sha biyar. Kakanku ya ba abokin cinikinsa ni. Kin ga ke nan duk zamani sai gidanmu ya aiko mace ɗaya Ikko." Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Tarihi nake koyarwa a makarantar 'yammata, kuma na daɗe ina karanta wa ɗalibai labarin yadda Turawa suka ci Legas ba tare da na taɓa taka wurin ba. Saboda haka da aka gama jere a rana ta biyu, aka ce buɗar kai sai jibi, na kama ɗan autan Goggo na ce sai ya kai ni cikin tsibiri. Taubashina ne, don haka bai raga mini ba. "Malama baƙauyiya, ki riƙe jakarki da hannu biyu, kuma in kwandasta ya yi miki tsawa kada ki ce za ki rama, gaisuwa ce."

Daga Agege zuwa Oshodi danfo muka hau, daga nan muka sake wata mai zuwa CMS. A kan gadar nan mai kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990, na fara ganin ruwan da ya kewaye tsibirin: toka-toka, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga gidajen Makoko a kan turaku, ga gumagumai jere a kan ruwa suna jiran injin yanka katako. Na ce ga teku. Taubashi ya ce wannan ba teku ba ne, ƙanensa ne. Ya nuna mini ɓangaren Obalende, inda zuriyar sojojin Hausawa da Gwamna Glover ya fara ɗauka a 1863 suka zauna. Wato tun kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 muna da dangi a garin nan.

Kwandasta yana ta ihun CMS, CMS, kamar sunan kasuwa, alhali sunan ƙungiyar mishan ce ta Ingila. Muna sauka sai ga babban cocinsu a bakin titin Marina, fari tas. Nan na tuna da Aina, yarinyar da aka ce 'yar gidan sarauta ce a ƙasar Egbado. Mayaƙan Dahomey suka ci garinsu a 1848, suka kashe iyayenta, sarkinsu Gezo ya ba wani kyaftin ɗin jirgin ruwan Ingila ita a 1850. Aka yi mata baftisma, aka raɗa mata Sarah Forbes Bonetta, rabin sunan na kyaftin ne, rabi na jirginsa. Sarauniya Victoria ta ɗauki nauyinta, kuma da ta isa aure a 1862 aka aurar da ita a Brighton ga wani attajirin Legas, James Davies, duk da ba ta yi ɗokin auren ba da farko. A garin nan ta yi zaman aure, ta sa wa 'yarta ta fari sunan sarauniyar, ta rasu a tsibirin Madeira a 1880 da ciwon tarin fuka. Sunan jirgi! Shi ne abin da ya fi tsaya mini.

Daga nan da ƙafa muka taka zuwa dandalin Tinubu. Ba na shugaban ƙasa ba ne, na wata mata ce da ta riga shi suna da fiye da ƙarni. An kewaye wurin da ƙarfe, mutum-mutuminta yana ciki, masu canjin kuɗi da masu tallar lemo suna ta harkarsu ba mai ɗaga kai ya dube ta.

Efunroye Tinubu Ba'egba ce, daga yankin Abeokuta. Mijinta na farko ya rasu ya bar ta da 'ya'ya maza biyu, sai ta auri Adele, sarkin Legas da aka kora yana zaman gudun hijira a Badagry. Can ta kama cinikin taba da gishiri da bayi, can kuma 'ya'yan nata biyu suka rasu. A 1835 Adele ya koma karagarsa, ta shigo Legas a matsayin matar sarki. Shekara biyu kacal ya yi ya mutu. Wata da ta gama takaba sai ta tattara komatsanta ta koma gida, ga ba ɗa, ga ba miji. Ita kuwa sai ta tsaya ta mara wa ɗan kishiyarta Oluwole baya har ya hau, sannan ta auri Yesufu Bada, Musulmi, mai ba sabon sarkin shawara kan yaƙi. Da Oluwole ya mutu a 1841, lokacin da tsawa ta faɗa wa ma'ajiyar albarushi, ta koma bayan ƙanen mijinta Akitoye. Aka kore shi a 1845, ta bi shi. Ya dawo, ta dawo. A zamanin ɗansa Dosunmu ƙarfinta ya kai inda ƙaramin jakadan Ingila, Benjamin Campbell, ya matsa wa sarki lamba sai da aka fitar da ita daga garin a 1856. Ta koma Abeokuta, ta sayo wa Egbawa bindigogi da albarushin da suka kori Dahomey da su a 1864, suka naɗa ta Iyalode, shugabar matan gari. Ta rasu a 1887.

Sarki huɗu ke nan ta yi zamani da su, kuma ba wanda ya zauna daidai ba da hannunta ba. Na yaba, ba zan ɓoye ba. Amma ina tsaye jikin ƙarfen nan wani abu ya tokare mini ƙirji. Bayin da ake lodawa daga gaɓar nan a farkon ƙarni na 19, da yawansu daga Arewa aka gangaro da su, ganimar yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 da rushewar daular Oyo. A Bahia ta ƙasar Brazil, Hausawa ne suka shirya boren bayi na 1807, suna kuma cikin na Musulmi na 1835. Ban ce ita ta sayar da kakan wani ba. Na dai ce idan na koma aji, ba zan ƙara rubuta "jaruma" a allo in ajiye alli ba. Taubashi ya ce in daina hararar gunki, mutane suna kallo.

Muka yi azahar a Babban Masallaci da ke titin Nnamdi Azikiwe, sannan muka kutsa Idumota. Wanda ya san Kantin Kwari ana gobe Salla, to ya ninka shi uku ya cire iska. Daga nan lunguna suka fara matsewa, tsofaffin benaye, kwata a buɗe, ƙamshin soyayyen kifi, yara suna ƙwallo da robar ruwa. Isale Eko ke nan, gindin gari, kamar a ce cikin badala a wurinmu. A nan fadar take, Iga Idunganran. Wanda ya saba da Ƙofar Kudu da filinta zai sha mamaki, don gidaje sun rungume fadar ta kowane ɓangare. Ba mu nemi iso ba, don haka daga waje muka tsaya.

Muna cikin gardama da taubashi kan ko a ɗauki hoto, sai muka ji an ce, "'Yan Kano ne ko 'yan Zariya?" Wani dattijo ne Bayarabe a kan benci, ƙofar shagon tela, carbi a hannu. Hausarsa ta fi ta taubashi. A Ayagi ya zauna shekara ashirin da biyu yana ɗinki. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa aka kawo mana ruwan leda, ya ce me ya kawo mu. Da na faɗa masa, sai ya gyara zama.

"'Yata, gidan nan da kike gani, gidan mace ne."

Ga yadda ya ba ni. Sarki Ado yana da 'ya'ya maza, Gabaro da Akinsemoyin, da mace ɗaya, Erelu Kuti. Akwai wani baƙo mai duba na Ifa, Alagba, mutumin ƙasar Ijesha, wanda ya yi wa Akinsemoyin aiki har ya ga biyan buƙata. Da ya tashi saka masa, sai ya ba shi 'yar'uwarsa. Gimbiya guda aka miƙa wa baƙo, ladan duba. Ɗan da ta haifa masa, Ologun Kutere, shi ya zo ya hau karagar a ƙarni na 18, kuma daga kansa sarautar ba ta sake barin zuriyarsa ba. Adele ɗansa ne, Osinlokun ɗansa ne, Akitoye ɗansa ne. Har sarkin yanzu, Rilwan Akiolu, wanda ya hau a 2003, ta wannan tsatson ya fito. 'Ya'yan mazan da aka yi auren don a kyauta musu, su ne suka koma gefe. Sarautar Erelu Kuti kuwa tana nan har gobe, mace ke riƙe da ita.

Na ce, "Baba, a wurinmu ai ɗan mace ba ya gado." Ya ce ya sani, amma in je in tambaya wa ke juya cikin gida in ba Mai Babban Ɗaki ba. Ya ƙure ni. Na tuna kuma a daidai shekarun da ake wannan dambarwa a Legas, Maryam 'yar Shehu Usmanu tana Kano a gidan Sarki Ibrahim Dabo, auren da ya ƙara ɗaure Kano da Sakkwato.

Addini fa? Ya ɗaga carbinsa. Ya ce tun zamanin Adele salla ta shiga fada, kuma abin da suka ji daga manya shi ne, barin 'ya'yansa su yi salla yana cikin abin da ya ɓata shi da masu riƙe da al'ada, har ɗan'uwansa Osinlokun ya ture shi wajen 1821. Ka ga dalilin zamansa a Badagry, ka ga inda Tinubu ta zauna da shi.

Sai ya rage murya, kamar mutanen suna bayan katanga. Kosoko ɗan Osinlokun ne, yarima mai kuɗi da mayaƙa, Musulmi da yawa a bayansa. Ya auri wata yarinya da aka riga aka yi wa Eletu Odibo alkawarinta, shi kuwa Eletu Odibo shi ne babba a masu naɗa sarki. Daga ranar ya rantse Kosoko ba zai hau ba. Da gadon ya faɗi, sai ya tsallake shi ya kira Adele daga Badagry. Da Adele ya mutu, ya sake tsallake shi. Bai tsaya nan ba, ya ce 'yar'uwar Kosoko, Opo Olu, mayya ce. Masu duba suka wanke ta, amma duk da haka Sarki Oluwole ya kore ta daga gari. Kosoko ya ɗau makami, aka ci shi, ya gudu. Sai Eletu Odibo ya sa aka tone kabarin uwar Kosoko, aka kwashe ƙasusuwanta aka watsa a ruwa.

Ruwan da na tsallako da safe ina cewa ga teku.

A 1845 Kosoko ya dawo da ƙarfinsa ya kori Akitoye. Ya kama Eletu Odibo, ya sa shi a gangar mai, aka rufe, aka cinna wuta, aka jefa a ruwan nan dai. Akitoye kuma ya kai kuka wurin Turawa. 'Yan mishan na CMS suna ta matsa wa gwamnatin Ingila, ga hujjar cinikin bayi a hannu, wadda kuma ba ƙarya ba ce, don Kosoko yana yi. A watan Disamba na 1851 jiragen yaƙi suka yi wa garin ruwan wuta, aka mayar da Akitoye, ranar 1 ga Janairu 1852 ya sa hannu a takardar da ta hana cinikin bayi ta kuma ba 'yan mishan kariya. Kosoko ya tafi Epe da jama'arsa, Musulunci ya kafu a can da ƙarfi. Kafin a bar shi ya dawo a 1862, Dosunmu ya riga ya sa hannu ya miƙa Legas ga Ingila a watan Agustan 1861.

Duk wannan na sha koyar da shi, amma daga 1851 nake farawa, da jirage da jakadu. Ban taɓa farawa daga amarya ba. Na ce, "Baba, yarinyar da Kosoko ya aura, ya sunanta?" Ya yi shiru yana jan carbi. Ya kira wani tsoho a shagon gaba, suka yi Yarabanci mai tsawo, har da nuna juna da yatsa. Sannan ya juyo ya ce, "Matar Kosoko dai ake cewa."

Mace uku a labari ɗaya: wadda aka aura, wadda aka kira mayya, wadda aka tone. A kansu aka yi ta yi har gari ya faɗa hannun baƙo, kuma babu inda aka ce ga abin da ɗayarsu ta ce.

A hanyar komawa taubashi ya bi da ni titin Martins don in ga masallacin Shitta-Bey, ɗan ƙarami mai ginin 'yan Brazil, wanda aka buɗe a 1894, gwamnan Ingila yana wurin, ga kuma wakilin Sarkin Musulmin Turkiyya. Na gaji a lokacin, ban ba shi haƙƙinsa ba. Cunkoson yamma ya riƙe mu awa uku, muka shiga Agege ana kiran isha'i.

Na tarar da Goggo a tsakar gida tana tsince shinkafar Yaya, tana mita wai duk tsakuwa ce. Na zauna na kwashe labari na ba ta. Ba abin da ya ba ta mamaki. Da na zo kan yarinyar da ba a san sunanta ba, sai ta ajiye faifai.

"Ke 'yar nan, ai ba sai kin je gidan sarki ba. Kin manta Shagamu?"

Ban manta ba, ina aji uku lokacin. Watan Yuli na 1999, ana bikin Oro, wanda mace ba ta fita da dare in ana yinsa. Aka ce wata Bahaushiya ta fita, aka kashe ta, gari ya kama da wuta tsakanin Hausawa da Yarabawa, mutanen da suka yi shekara da shekaru suna cinikin goro tare. Da aka kai gawawwaki da masu rauni Arewa, Kano ta ɗauka ita ma. Mu muna can muna jin tsoro saboda su, su suna nan suna jin tsoro saboda kansu.

"An turo mota daga gida wai in taho," in ji Goggo. "In taho da wa? Babbar 'yata tana gidan Bayarabe a Mushin, da ciki wata takwas. In na kai jikokina Kano a ce 'ya'yan Yarabawa ne, in na bar su nan a ce 'ya'yan Hausawa. Na ce wa direban ya gaida Yaya, babanku. Uwar mijin 'yar tawa ita ta zo da kanta ta kwana a ɗakin nan kwana huɗu, a bakin ƙofa ta shimfiɗa tabarma, wai duk mai shigowa ya fara taka ta. Ba ta jin Hausa, lokacin nan ni ma Yarabancina na kasuwa ne. Goro muka yi ta ci."

Na ce matar Shagamun fa, an san sunanta? Ta ɗauki faifanta. "Wa ya tambaya?"

Ranar buɗar kai an yi abin da aka saba. Dangin ango suka sayi baki, aka yi nasiha, yi na yi, bari na bari, wata tsohuwa ta ce aure yaƙin mata ne, kowa ya ce haka ne. Sai aka gano sunan amarya ɗaya da na uwar mijinta, don haka ba mai iya kiransa a gidan. Nan take wata ta ce a riƙa ce mata 'Yar Kano. Aka yi guɗa. Goggo ta taɓo ni da gwiwar hannu, ta ce ita ma da shi aka fara kiranta, kafin a koma Iya Kano da ta tsufa.

Da dare ina haɗa kaya sai na lura da wani abin kunya. Shekarata arba'in, ban taɓa jin sunan Goggo na yanka ba. Sunan kakar babanmu aka sa mata, shi ya sa ko a gida ba a faɗa. Na tambaye ta. Ta dube ni kamar na roƙi kuɗi, ta leƙa waje ko akwai mai ji, sannan ta ce, "Rakiya." Ta maimaita a hankali, ta yi dariya, ta ce rabon da ta ji shi a bakin wani tun ranar da aka yi mata fasfon Makka.

Da asuba muka biya yi wa amarya sallama. Ta riƙe gefen mayafina ta ƙi saki, lallen hannunta ko dushewa bai fara ba. Ƙannen ango suna tsaye a bakin ƙofa, uwar miji tana daga ciki tana jin mu. Na san ba a yi, amma na kira ta da sunanta, da ƙarfi, har sau biyu, na ce ta riƙa kirana duk Juma'a. Wata daga cikin 'yan rakiya ta ƙwalalo mini ido. Taubashi ya leƙo ya ce direba ya ce in ba mu fito yanzu ba, sai dai mu bi motar gobe.